TAKARDA MAI WATA UKU DA TSOFAFFIN GINE-GINEN FABRIANO

A hutun ƙarshen shekara da ya wuce kakana ya sa ni in taya shi shanya littattafansa, don damina ta tafi ta bar musu sanyi. Cikinsu akwai wani tsohon littafin fiƙihu, rubutun hannu, wanda ya ce ya gada daga kakansa. Ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne cikin gafaka. Da na ɗauki warƙa guda na ɗaga ta wajen rana don in kaɗe ƙura, sai na ga wani abu cikin jikin takardar: jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Ba da tawada aka zana su ba. In ka ajiye takardar bisa tabarma ba ka ganin kome, sai ka ɗaga ta ga haske.

Na ce, "Malam, wa ya zana wannan?"

Ya yi dariya, ya ce, "Kai da kake cin shinkafar gwamnati wata tara a shekara, ni za ka tambaya? Abin da na ji dai shi ne fatake ke kawo ta daga Tarabulus. Sauran kuwa sai ka je ka tambayi masu boko."

Maganar ta yi mini zafi, ko da yake wasan jika da kaka ne. Abin da ya ƙara ba ni mamaki kuma shi ne, takardar nan ta haura shekara ɗari amma ƙwari gare ta kamar sabon ƙyalle, alhali littafin rubutuna na aji ɗaya tuni ya yi ja, gefensa yana marmashewa. Da muka komo makaranta sai na tasa malaminmu na Tarihi gaba da tambaya, na kuma yi ta zarya laburare. Amsar ta kai ni ƙasar Italiya, wani gari da ake kira Fabriano. Labarin garin nan da kamfaninsa na takarda nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, don kullum takarda muke taɓawa amma ba mu san asalinta ba.

Ba Turawa suka ƙago takarda ba. Mutanen Sin ne, kuma littattafansu sun ce wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya gabatar da ita ga sarki a shekara ta 105. Daga Sin sana'ar ta shiga ƙasashen Musulmi. Ana cewa fursunonin da aka kama a yaƙin Talas cikin 751 su suka koyar da ita a Samarƙandi. Kafin ƙarnin nan ya ƙare, a zamanin Haruna Rashidu, an fara yin ta a Bagadaza. Daga nan sai Sham, sai Misira, sai Magrib, har ta haye Andalus, inda garin Shaɗiba ya yi suna da ita. Masu karatun ƙira'a sun san sunan garin nan, don can ne asalin Imamu Shaɗibi. Har yau akwai sawun Larabawa cikin sana'ar: ƙunshin takarda ɗari biyar da Italiyawa ke kira risma, daga kalmar Larabci rizma ya fito. Mu ma tamu kalmar, watau takarda, masana harshe sun ce ta bakin Buzaye muka karɓe ta, kuma tushenta ɗaya da carta ta Italiyanci.

To, da takarda ta isa Turai ba a yi maraba da ita sosai ba. Larabawa da sitaci na alkama ko na shinkafa suke shafe fuskarta don kada tawada ta malale. A busasshiyar ƙasa wannan ba laifi, amma a ƙasa mai laima sitaci abincin ƙwari ne da funfuna. Saboda haka a 1231 Sarki Frederick na Biyu, mai mulkin kudancin Italiya, ya ba da doka cewa duk wata muhimmiyar takardar hukuma a rubuta ta a kan fata. Fata kuwa tsada gare ta, littafi guda sai ya cinye garken tumaki.

Nan ne Fabriano ya shigo cikin labari. Ƙaramin gari ne cikin kwarin duwatsu a tsakiyar Italiya, a lardin Ancona, mutanensa a yanzu ba su wuce dubu talatin ba. Wani ɗan kogi mai suna Giano ya ratsa shi. Akwai wata tsohuwar shaidar ciniki ta shekarar 1264, a wani gari maƙwabcinsa mai suna Matelica, wadda ta ambaci sayen takarda, kuma daga wannan shekara mutanen Fabriano ke ƙirga tarihin sana'arsu. Kafin takarda, garin na masaƙan ulu ne da majema da maƙera. Abin da ya fi burge ni cikin labarin duka shi ne, dabarun da suka ɗaukaka takardarsu, daga maƙwabtansu masu waɗannan sana'o'i suka aro su.

Takardar wancan zamani da tsumma ake yin ta, watau tsofaffin tufafin lilin da igiyoyin rama irin ta ƙasarsu. Dole a daka tsumman nan cikin ruwa har zarensa ya rabu ya zama kamar kunu. Masaƙan ulu na Fabriano suna da wani inji da ruwan kogi ke juyawa, mai guduma ta katako da ke bugun zane don ya yi kauri. Sai masu takarda suka karɓi injin suka gyara shi. Ruwa ya juya babban wili na katako, wili ya juya wani dogon gungume mai haƙora, haƙoran nan su riƙa ɗaga guduma ɗaya bayan ɗaya suna saki, kowace tana faɗawa cikin turminta. An dasa ƙusoshi a bakin gudumomin don su yayyaga tsumma. Ka ƙaddara mata ashirin suna lugude dare da rana ba gajiya ba hutu, to, ka gane abin. Takarda ta yi laushi, ta yi yawa, ta yi araha.

Sa'an nan suka rabu da sitaci. Wurin majema akwai guntayen fata da ake zubarwa. In ka dafa su sai su ba da wani ruwa mai danƙo, kamar yadda romon ganda ke daskarewa in ya kwana. Cikin wannan ruwa suka riƙa tsoma takarda bayan ta bushe. Sai ga ta ta yi ƙarfi, tawada ba ta ratsa ta, ƙwari ba su damu da ita kamar dā ba. Wannan dabara ce ta kashe ƙorafin da ake yi wa takarda, har alƙalai da 'yan kasuwa suka amince su ɗora mata amanarsu. Ashe kuwa wannan da tsumma su ne asirin ƙwarin littafin kakana. Nawa littafin da niƙaƙƙen itace aka yi shi, kuma cikin itace akwai wani sinadari da ke sa takarda mai araha ta yi ja ta rube in ta sha haske da iska.

Dabara ta uku ita ce ta amsa tambayata. Ana ɗebo kunun takarda ne da wani abu mai kama da rariya, mai kusurwa huɗu, wanda aka saƙa da siraran wayoyin tagulla. Wajen ƙarshen ƙarni na 13 sai masu sana'ar suka fara lanƙwasa wata 'yar waya su yi siffa da ita, ko ƙararrawa, ko tsani, ko kan sa, ko haruffan sunan mai gida, su ɗinke ta bisa rariyar. Inda wayar ta taso kunu ba ya taruwa da kauri, saboda haka takardar takan fi siranta a gurbin, haske ya fi ratsa wurin. Shi ke nan tambarin ruwa. Ba a iya kankare shi, don ba a kan takardar yake ba, a cikinta yake. Da shi mai saye ke gane gidan da ya yi ta da girmanta da darajarta. Yau kuma da shi masana ke gane shekarun tsofaffin littattafai. In kana da takardar naira dubu, ɗaga ta ga haske ka dubi farin gefen nan, za ka ga jikan wannan dabara.

Cikin ƙarni na 14 an ce gidajen yin takarda sun kai wajen arba'in a bakin kogin Giano, kuma a 1326 masu sana'ar sun kafa ƙungiyarsu. Yana da kyau a san yadda irin gidajen nan suke, don sana'ar ce ta tsara ginin, ba maigini ba. Hawan ƙasa na dutse ne, mai kaurin bango da rufin baka, a daidai bakin ruwa, don can gudumomi suke, kuma girgizarsu za ta rushe gini marar ƙarfi. Wurin da duhu da sanyi da ƙara, ba ka jin maganar na kusa da kai. A wani ɗaki mata ke zaune suna tsince tsumma, suna ware fari da mai launi, suna cire maɓallai da ɗinki, suna yankawa. Aikin nan shi ya fi ƙura da cuta, kuma shi ya fi ƙarancin lada. Can ƙololuwar bene kuwa akwai wani dogon zaure wanda bangonsa kusan duk tagogi ne masu marfin katako. Nan ake rataye takarda bisa igiyoyi kamar wanki, ana buɗe tagogi ana rufewa gwargwadon iskar ranar. Duk wanda ya hango gini a bakin rafi mai jerin tagogi a sama ba gilashi, ya san gidan takarda ne.

A tsakiya kuma ga babbar kwatarniyar kunu, da mutum uku a kanta. Na fari ya tsoma rariya, ya ɗago, ya girgiza ta gaba da baya, hagu da dama, don zaren ya sarƙe da juna. Na biyu ya karɓa ya kife ta bisa bargon ulu, warƙar ta manne, ya rufa wani bargo a kai. In tarin ya yi tsawo a sa shi cikin matsi a tatse ruwan, na uku ya riƙa ɓamɓaro warƙa ɗaya-ɗaya ba tare da ya yaga ba. A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma girgizar nan ta ɗan lokaci kaɗan ita ce sana'ar duka, sai mutum ya shekara da shekaru kafin warƙarsa ta fari da ta ɗari biyar su zo da kauri ɗaya.

Da dukiya ta samu sai tsoro ya shigo. A 1436 hukumar garin ta hana koya wa baƙo sana'ar, ta kuma hana ɗan gari ya kafa gidan takarda a waje cikin tazarar mil hamsin. Amma an yi rufin ƙofa da ɓarawo, gama tuni gwanayen Fabriano sun bazu cikin Italiya suna kafa gidaje. Ƙasashen arewa suka koya, suka kuma wuce malamansu. A ƙarni na 17 mutanen Holan, waɗanda ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce ba ruwa mai gangara, suka ƙago wani inji mai ganga da wuƙaƙe wanda ke niƙa tsumma cikin 'yan sa'o'i, aikin da guduma ke kwana tana yi. Takardar Holan da ta Faransa suka fi fari, suka fi santsi. Mutanen Fabriano kuwa suka tsaya kan na iyaye da kakanni. Kafin a farga gidaje arba'in sun koma 'yan ƙalilan.

Wanda ya tā da sana'ar daga barci shi ne Pietro Miliani, wanda aka haifa a 1744. Ba ɗan sarauta ba ne, ma'aikaci ne a gidan takardar wani basarake mai suna Antonio Vallemani. A 1782 suka haɗa jari shi da maigidansa, kuma daga wannan shekara ake ƙirga haihuwar kamfanin. Daga baya gidan ya zama nasa shi kaɗai. Miliani bai ji kunyar koyo wurin waɗanda suka koya daga garinsu ba. Ya kawo injin Holan, ya kuma shiga yin irin takardar nan mai santsi wadda ba a ganin layin waya a jikinta. Amma bai sa kansa tseren araha ba. Masu zane ya nufa, da masu buga littattafai na ƙawa, irin su shahararren maɗaba'in nan Giambattista Bodoni na birnin Parma, waɗanda za su biya kome tsada in kaya ya yi kyau. Ya rasu a 1817 ya bar wa 'ya'yansa.

Jikansa Giuseppe Miliani ya mai da sana'ar gida ta zama masana'anta sosai, har takardarsa ta ci lambar yabo a babban baje kolin da aka yi a London a 1851. Ɗan Giuseppe kuma, Giambattista Miliani, wanda ya rayu daga 1856 zuwa 1937, shi ne ya fi su duka suna. Ya yi yawon ƙasashe yana duba yadda wasu ke aiki. Ya saye gidajen abokan gasarsa na cikin gari, da na wani ƙauye mai suna Pioraco. A 1906 ya mai da kamfanin na masu hannun jari. Ya yi shugabancin garin, ya yi wakilci a majalisa, ya kuma riƙe Ministan Gona na Italiya daga 1917 zuwa 1919. A zamanin waɗannan biyu ne gidan ya gwanance da wani sabon irin tambari mai haske da inuwa. Maimakon lanƙwasa waya, sai gwani ya sassaƙa hoto a kan kakin zuma yana duba shi ta haske, a juya shi zuwa ƙarfe, a danna ƙarfen bisa lallausar ragar waya har ta ɗauki tudu da kwarin hoton. Sai ka ga fuskar mutum sosai cikin takarda, har da gashin gira. Mai jabu ba ya iya kwaikwayon wannan da alƙalami, don haka bankuna suka riƙa zuwa Fabriano neman takardar kuɗi.

Gine-ginen da ake kira tsohuwar masana'antar Miliani sun girma ne tare da mutanen nan, ba rana ɗaya aka zana su ba. Kowane zamani ya jingina nasa a jikin na baya. Injin da ke fitar da takarda doguwa ba yankewa, wanda wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Robert ya ƙago a ƙarshen ƙarni na 18 aka kuma kyautata shi a Ingila, ba ya shiga ɗakin kwatarniya, sai an gina masa dogon zaure. Tururi ya zo da tukunyarsa da dogon bututun hayaƙi. Da aka fara busar da takarda bisa gangunan ƙarfe masu zafi, sai zauren shanya na sama ya rasa aikin yi. Haka ginin ya zama kamar gidan gandu, wanda in ka san karatunsa za ka nuna ɗakin kaka da na uba da na jika.

Giambattista shi ne na ƙarshe da ya riƙe kamfanin cikin zuriyar. Daga 1931 mafi yawan jarin ya koma hannun hukumomi da bankuna masu alaƙa da gwamnati. Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa garin da masana'antar a 1944, aka gyara aka ci gaba. A 1980 kamfanin ya shiga ƙarƙashin hukumar da ke buga wa gwamnatin Italiya takardu da kuɗi, a 2002 kuma aka sayar da shi ga kamfanin Fedrigoni na birnin Verona. Girgizar ƙasa ma ba ta ƙyale su ba: ta 1997 ta yi ɓarna a Fabriano, ta watan Oktoba 2016 kuma ta rushe wani sashe na masana'antar Pioraco, sai da aka sāke gini.

To, ina labarin wata uku? A nan dole in faɗi gaskiya, takardar kakana ba a Fabriano aka yi ta ba, dabarar kaɗai ce tasu. Masu takarda na yankin Venis, can arewacin Italiya, su ne suka lura Musulmi sun fi son alamar jinjirin wata bisa ga alamun da ke da gicciye, sai suka riƙa yin takarda mai wata uku musamman don kasuwannin Turkawa da Misira da arewacin Afirka. Daga Tarabulus da Alƙahira raƙuma suka ƙetaro da ita Sahara zuwa Barno da Kano da Sakkwato. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iske ta da yawa a kasuwar Kano a 1851, har ana naɗe tufafi da ita. Dubi ikon Allah, shekarar da ake yaba wa Miliani a London ke nan. Da yawa daga littattafan malamanmu na ƙarshen ƙarni na 19 suna ɗauke da tambarin wani gida mai suna Galvani, na yankin Pordenone. Masana'antar da gidan nan ya taɓa mallaka a garin Cordenons kuwa, kamfanin Fedrigoni ya saye ta a 2018. Ashe hanya ta zaga ta haɗa su da Fabriano a inuwa ɗaya.

Yanzu in mutum ya je Fabriano, wuri biyu za a nuna masa. Ɗaya gidan tarihin takarda da tambarin ruwa ne, wanda ke cikin wani tsohon gidan masu zuhudu na Kirista mai suna San Domenico. A ciki an sāke harhaɗa injin gudumomi irin na dā, kuma gwanaye suna yin takarda da hannu a gaban baƙi, har su bar yaro ya tsoma rariya da kansa. Ɗayan kuma shi ne tsohuwar masana'antar Miliani kanta, inda wata gidauniya da aka kafa a 2011 ke tsaron kayan gado. Akwai littattafan ciniki da wasiƙun kamfanin tun daga 1782, waɗanda in aka jera su za su kai mita ɗari biyar, kuma tun 1964 gwamnati ta sa su cikin abin da doka ta kāre. Akwai tsofaffin rariyoyi fiye da dubu biyu, kowace da tambarinta, da kayan aiki iri-iri wajen dubu goma. Akwai kuma tarin tsofaffin warƙoƙi masu tambari da wani mutumin garin, Augusto Zonghi, ya tattara, wasunsu tun na ƙarni na 13. A 2013 hukumar UNESCO ta sa Fabriano cikin jerin biranen fasaha saboda sana'o'in hannu, a 2019 kuma a garin aka yi babban taron biranen na shekara, aka buɗe wa baƙi ɗakunan tsohuwar masana'antar.

Duk wannan abin sha'awa ne, amma akwai wani gefen da bai kamata a ɓoye ba. A watan Oktoba 2024 masu kamfanin, waɗanda tun 2018 manyan 'yan zuba jari na ƙasashen waje ne ke riƙe da shi, suka ba da sanarwa za su daina yin farar takardar ofis, irin wadda ake sa wa injin fotokwafi. Hujjarsu ita ce kwamfuta da wayar hannu sun rage cinikinta, ga tsadar wuta, ga masu yi da araha a wasu ƙasashe. Ma'aikata kusan 200 abin ya shafa, a garin da tuni masana'antunsa na firiji da injin wanki suka ja baya. Mutane suka fito zanga-zanga. Daga bisani aka daidaita cewa ba za a kore su kai tsaye ba, za a tallafe su na wani lokaci ana nema musu gurbi a wasu sassa. Amma babban injin da ya yi ta aiki tun wajen tsakiyar shekarun 1970, a watan Disamba 2024 aka kashe shi.

Mun yi gardama kan wannan a ɗakin kwananmu har aka buga ƙararrawar kashe fitila. Wani abokina ya ce ai ba abin baƙin ciki, tun da gine-gine suna nan, baƙi na zuwa, gari na samun kuɗi. Ni ban yarda ba. Gidan tarihi yakan ɗauki mutum goma ko ashirin, ba ya ɗaukar ɗari biyu, kuma mai kallo ba ya maye gurbin mai saye. Rariya dubu biyu da ke jere a kan katako, in babu hannun da ya iya girgiza ta, waya ce kawai da itace. Amma shi ma ya kawo wata magana da ta tsaya mini. Ya ce in duba abin da ya mutu da abin da ya rayu. Abin da ya mutu shi ne takarda mai araha wadda kowace ƙasa ke iya yi. Abin da ya rage kuwa shi ne takardar masu zane da fenti, da littafin zanen da 'yan makarantar Italiya ke saye mai sunan Fabriano a bangonsa, da 'yan gwanayen da har yanzu ke tsaye bakin kwatarniya cikin kamfanin suna yi da hannu. Watau hanyar da Pietro Miliani ya zaɓa a 1782 ita ce ta sāke tsira. Na ce masa haka ne, amma ya je ya gaya wa magidancin da ya shekara talatin a gindin injin nan.

Da aka ba mu hutun tsakiyar zango na koma gida na zayyana wa kakana duk wannan, tun daga Sin har Cordenons. Ya saurara yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "To, yanzu ka ci shinkafarka da hujja." Ya miƙo mini gafakar ya ce in duba sauran warƙoƙin. Muka zauna a ƙofar zaure muna ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar. Galibinsu wata uku ne. A kusurwar wasu kuma na ga haruffan boko guda biyu, A da G, na nuna masa na ce sunan Andrea Galvani ke nan. Ya karɓa ya ƙura musu ido, ya ce shekara sittin yana karanta littafin nan bai taɓa sanin akwai boko a cikinsa ba.